Yaron da Na Sa Rubuta Sunaye

Ni ba malamar ba da shawara ba ce, kuma ban taɓa cewa ni ce ba. Ilimin zaman jama'a na karanta, shi nake koyarwa a wata sakandaren jeka-ka-dawo a gefen Mubi. Amma da muka dawo daga gudun da muka yi lokacin da 'yan bindiga suka kama garin, aka sake buɗe makaranta, firinsifal ya tara mu a ofis, ya duba dama ya duba hagu, ya ga ni ce mace mai baki a cikinsu, sai ya ce daga yau ke ce malamar shawara. Ko kujera ba a ƙara mini ba. Aka dai ce duk yaron da aka ga ya cika shiru ko ya cika faɗa a turo shi wurina, kamar ni ban kwana a daji ba lokacin gudun.

An haɗe mana aji biyu wuri guda a shekarar, don rufin ɗayan ya ƙone. A cikin wannan cunkoson na lura da wani yaro daga ƙauyen Betso, ɗan shekara sha huɗu ko sha biyar, wanda aka kawo gidan kawunsa a gari saboda makarantarsu ta can ba ta buɗe ba. Yana da i'ina mai nauyi. Kafin ya fitar da kalma ɗaya sai jijiyar wuyansa ta tashi, yara kuwa ba su da haƙurin jira, sai su juya su ci gaba da harkarsu. Ba wai suna cin zalinsa ba ne, mantawa kawai suke yi yana nan. Lokacin tara yakan tsaya jikin bangon ɗakin gwaje-gwaje da hannayensa a baya har a kaɗa ƙararrawa.

Wani abu kuma game da shi, yadda ka faɗi magana haka yake ɗaukarta. Na taɓa ce masa ya share ajin kada ya bar ko ƙwayar ƙasa, ajin da simintinsa ya farfashe tun ba yau ba. Na tafi na yi darasi biyu, na dawo na tarar yana nan yana shara, ya fara haƙa rami a gaban allo. Sai da na karɓe tsintsiyar da hannuna. Ranar na yi dariya har da hawaye a ofishin malamai, ban san wannan halin ne zan ɗauka in soke shi da shi ba.

Abu ɗaya nake so wa yaron nan, ya samu aboki. Ko guda ɗaya. Wanda zai kira shi idan an tashi, ya ce zo mu tafi.

Akwai wani a ajin da kowa ya sani saboda bakinsa ba ya rufuwa. Ɗan unguwar wajen kasuwar shanu ne, dogo, yana zuwa a kan wani tsohon keke tunda an hana hawa babur a gari. Fulatanci, Hausa, guntun Turanci, guntun yaren duk wanda ya zauna kusa da shi, duk a cikin numfashi ɗaya. Sarƙar kekensa kullum sai ta zame a bakin ƙofar makaranta, ya sauka yana zaginta kamar tana ji. Wata safiya na ga yaron Betso ya tsaya daga nesa yana kallon sarƙar nan, yatsunsa suna motsi. A nan dabara ta zo mini, kuma har gobe ina cewa dabarar ta yi kyau, duk da abin da na yi daga baya.

Muna da 'yan itatuwan mangwaro da aka dasa a bayan azuzuwa, ruwa kuma sai an je famfon burtsatse can ƙasan hanya. Na kira su biyun na ce daga yau su ne masu ban ruwa. Jarka biyu a kan keke, ɗaya yana turawa, ɗaya yana riƙe jarkunan kada su faɗi. Aiki ne da mutum ɗaya ba zai iya ba, kuma ba ya bukatar magana. Ban ce musu ku zama abokai ba, ban zaunar da su na yi musu wa'azi ba. Mai keken ya ɓata rai ya ce, "Malama, duk ajin nan ba ki ga wanda za ki haɗa ni da shi ba sai kurma?" Na ce ba kurma ba ne, kai ne ba ka barin kowa ya sa baki, wuce ka ba ni wuri.

Sati na farko ba abin da ya faru. A sati na biyu sarƙar ta zame a hanyar famfo, yaron Betso ya durƙusa, ya cire mahaɗi ɗaya da ƙusa da dutse, ya mayar da ita. Ba ta sake zamewa ba. Daga nan mai keken ya fara ɗaukarsa a baya idan an tashi. Idan yaron ya maƙale a tsakiyar kalma, sai wancan ya ƙarasa masa, kuma da gangan yake ƙarasawa ba daidai ba. Yaron zai ce "Ina so in sa-sa-sa," wancan ya ce "ka sayi saniya? Da wane kuɗin?" Ranar da na fara jin dariyar yaron nan ina cikin ofis ne, na leƙa ta taga don ban gane muryar ba. Daga baya na ji har gidansu mai keken yake zuwa ranar Asabar, uwar ta zuba musu tuwo a kwano ɗaya.

Da na bar su haka, wallahi da yanzu ba ni da labarin da zan rubuta.

Sai aka kira mu bita. Wasu mutane ne suka zo daga Yola a farar mota, suka tara malaman shawara na makarantun gari kwana uku a wani ɗakin taro mai fanka. Ba zan ce ba su faɗi abin kirki ba. Amma abin da ya zauna mini shi ne takardar da suka raba, mai gidaje-gidaje. Gida ɗaya na sunan yaro, ɗaya na yawan abokansa, ɗaya na muƙamin da aka ba shi a makaranta, don sun ce yaro mai janye jiki idan aka ɗora masa nauyi yakan shiga cikin mutane. Suka ce za su dawo ƙarshen zango su gani. Na rubuta "ɗaya" a gidan abokai, sai na ga lambar ta yi mini ƙanƙanta. Matar da ke kusa da ni, daga wata makaranta, tana ta cika baki wai nata yaran duk ta mai da su shugabannin ɗalibai. Ni kuwa ba na son a fi ni, wannan ciwona ne tun ina yarinya.

Na dawo ina neman muƙami. Monita akwai, mai kaɗa ƙararrawa akwai, mai kula da alli ma akwai. Abin da ya rage shi ne rubuta sunayen masu surutu da masu yin yaren gida a aji, don dokar makaranta Turanci kawai ta yarda da shi, dokar da mu malamai ma ba ma bi. Rubutun yaron kuwa ya fi na kowa kyau, kamar an buga da inji. Na ce shi ke nan, ga aikin da ba ya son baki, hannu kawai yake so.

Ga abin da ke raina, don kada a ce hauka na yi. A zamaninmu mai rubuta sunaye sarki ne. Kowa lallaɓa shi yake yi, a ba shi gyaɗa, a ba shi rake, a ja shi cikin wasa. Shi kuma ya san kan aikin. Ya rubuta biyu ko uku, ya soke ɗaya idan an roƙe shi, abokinsa kuwa ko ganga ya buga a aji ba zai gan shi ba. Duk wanda ya yi makaranta a ƙasar nan ya san wasan, ba a koya wa kowa shi. Na ɗauka yara za su kewaye shi suna roƙo, daga roƙo a saba, in je in rubuta biyar ko shida a gidan takardar. Ban tsaya na tuna cewa wannan yaron ba ya gane abin da ba a faɗa ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne kuskurena na biyu, don wannan ba rashin sani ba ne. Lokacin da 'yan bindigar nan suka riƙe garin, da suna suke bin gidaje. Da aka kore su kuma, da suna aka riƙa bin gidaje. Wani zai rubuta a takarda, ko ya raɗa a kunne, sai a zo da mota a tafi da mutum. A layinmu ma an yi. Babu yaro a ajin nan da bai san abin da ake nufi da "an ba da sunansa" ba. Ni da nake koyar da zaman jama'a, na ɗauki littafi da biro na miƙa wa yaron da ya fi kowa rauni a cikinsu, na ce rubuta.

Na ce masa, "Duk wanda ya yi surutu ko ya yi yare, ka rubuta sunansa. Ka kawo mini idan an tashi. Idan ba na nan ka kai wa malamin horo." Ya karɓa da hannu biyu.

Ranar farko ya kawo mini shafi cike. Kusan duk ajin, kowane suna da ƙarfe nawa ya yi maganar, da 'yan layuka a gefe na sau nawa. Sunan abokinsa ne a sama, layukansa sun kusa fita daga takardar. Na yi dariya na yage shafin na ce masa sannu da aiki. Na yi niyyar in zaunar da shi in yi masa bayani, sai aka kira ni ofishin firinsifal, na ce gobe. Goben aka yi mana rasuwa a garin Uba, na tafi ta'aziyya na kwana biyu. Shi kuwa ya yi abin da na ce, ya kai wa malamin horo.

Na dawo ranar Juma'a da safe, na tarar an jeru a taron safe. Malamin horo mutum ne mai son aikinsa fiye da kima, kuma tun da muka dawo yake ƙorafin yara sun lalace a gudu. Ya ɗaga takardun sama ya ce yau ya samu abin da yake nema. Kowane layi bulala ɗaya. Ya fara kiran sunaye, yara suna fitowa suna kwanciya a kan benci. Mai keken ne na ƙarshe, don nasa ya fi yawa. Tun yana cije baki har ya fara kiran innarsa a gaban 'yan mata. Ina tsaye a layin malamai, tsakanina da bencin bai fi taku goma ba. Ban ce uffan ba, wai don kada in kunyata abokin aiki a gaban ɗalibai. Ni mai bakin da aka zaɓa saboda baki.

Bai tsaya nan ba. Da ya gama sai ya kira yaron Betso gaban taro, ya dafa kafaɗarsa ya ce ku dube shi da kyau, ga wanda ya rubuta, irin wannan ɗalibin muke so. Ya ce a tafa masa. Aka tafa, don bulalar tana hannunsa.

Ba wanda ya taɓa yaron, ko da yatsa. Da dukansa suka yi da na san abin yi. Abin da suka yi shi ne, wanda ke zaune kusa da shi ya ɗauki jakarsa ya koma baya, aka bar masa benci guda shi kaɗai a ajin da ake zama huɗu-huɗu. Idan ya shigo sai magana ta ɗauke. A bayan ido suna kiransa mai ba da suna, har ƙananan yara 'yan aji ɗaya da ba su san fuskarsa ba da farko. Da aka tashi ranar, mai keken ya tura kekensa a ƙasa don ba ya iya zama, ya wuce shi bai waiwaya ba.

Ranar Litinin na karɓe littafin. Yaron ya tsaya a gaban teburina yana ta fama da kalma, na jira shi har ta fito.

"Na yi kuskure ne, Malama?"

Na ce, "Ba ka yi ba. Sai dai ba a rubuta sunan aboki."

Ya ce, "Ba ki faɗa ba."

Ban faɗa ba ɗin. Na ce ya koma aji.

Na gwada duk abin da na sani. Na tsaya gaban ajin na ce ni na sa shi, laifina ne, duk mai jin haushi ya ji haushina. Suka haɗa baki suka ce "To, Malama," bencin kuma ya ci gaba da zama wayam. Na sake tura su biyun ban ruwa. Mai keken ya je, ya tura, ya dawo, bai buɗe baki ba, shi da ba a iya rufe masa baki. Washegari ya zo makaranta a ƙasa ya ce keken ya lalace. Na je na yi wa malamin horo tas a ofis, ya ce shi doka ya bi, kuma ai ni na aiko da takardar. Mun yi wata guda ba ma gaisawa, wannan ma bai amfani kowa ba.

Ƙarshe na ɗauki mayafina na tafi gidansu mai keken da yamma. Uwar tana tsakar gida tana ɓarar gyaɗa, ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa, muka gaisa kamar ba komai. Na fara bayani, cewa yaron ba mugu ba ne, haka Allah ya yi shi, abin da aka ce masa shi yake yi. Ta bar ni na gama tsaf, hannunta bai daina ɓara ba.

Ta ce, "Malama, kin san ɗan nan nawa yana da babban wa?"

Na ce na ji an ce.

Ta ce, "Takarda ce ta tafi da shi. Wani ya rubuta, aka zo aka ɗauke shi a bakin ƙofar nan da kike gani, ko takalmi bai sa ba. Har yau ban san wanda ya rubuta ba, ina gaisawa da kowa a layin nan ban sani ba. Wannan kuwa na san wanda ya rubuta, kuma ya ci tuwo a gidan nan."

Na ce, "Inna, ni na sa shi. Ni na ba shi littafin."

Ta ɗago ta dube ni ta ce, "To, ke ma yanzu na san ki."

Ta raka ni har ƙofa, ta ce in gaida gida.

Ƙarshen zango masu farar mota suka dawo kamar yadda suka ce. Na miƙa musu takardata. A gidan muƙami na rubuta abin da aka ba shi, a gidan abokai na bar "ɗaya" ɗin nan da na rubuta tun farko, ba ni da ƙarfin zuciyar gogewa. Suka yaba, firinsifal ya ji daɗi. Da aka zo raba kyaututtuka, saura 'yan kwanaki a yi hutu, malamin horo ya kawo sunan yaron a matsayin ɗalibin da ya fi kowa ɗa'a, kuma ba wanda ya musa. Aka ba shi dozin ɗin littattafan rubutu a ɗaure da igiya.

Bayan an watse yaron ya same ni a ofis. Ya kwance igiyar, ya ƙirga shida ya ajiye gefe, ya tura mini shida. Ya ce in kai wa abokinsa, don idan shi ya matso wancan tashi yake yi. Na karɓa. Na samu mai keken a bayan aji, na miƙa masa na ce ga saƙo daga wurin wane. Ya dubi littattafan, hannayensa a aljihu. Ba rashin kunya ya yi mini ba, a hankali ya yi maganar.

"Malama, ki mayar masa. Ki ce ya rubuta sunaye a ciki."

Na zuba su a jakata na kai gida. Da safe yaron yana jirana a bakin ofis tun kafin a buɗe. Ya tambaye ni ko ya karɓa. Na dubi fuskarsa, sai na ji bakina ya ce, "Ya karɓa. Ya ce ya gode." Na san wanda nake yi wa ƙaryar. Na san duk abin da na faɗa masa zai ɗauka ya riƙe yadda na faɗa, amma na faɗa, don na gaji da zama mai kawo masa mugun labari. Don kaina na yi, ba don shi ba.

Da aka tashi na gan shi ta taga ya riga kowa zuwa bakin ƙofar makaranta, ya rataya jakarsa ta gaba yadda yake yi idan zai hau bayan keke. Ranar wancan ya zo da keken. Ya fito cikin yara, ya hau, ya bi ta gabansa ya wuce, ya ɗauki wani yaro daban a gaba kaɗan. Yaron Betso ya tsaya har ƙofar ta zama ba kowa sai maigadi. Sannan ya juyo ya taho ofis, ni kuma ba ni da inda zan ɓuya.

Ya daɗe yana kokawa da maganar kafin ta fito.

"Malama, ina jin bai gan ni ba. Mutane sun yi yawa. Gobe zan tsaya a tsakiyar hanya."

Na ce masa to.